Yadda Na Bi Matakan Mayar da Kuɗin Tsintuwa ga Mai Su

Kusan duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa tsintuwa ba ta zama halaliyar wanda ya tsinta, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san abin da ya kamata mutum ya yi tun daga lokacin da ya duƙa ya ɗauki kuɗin wani har zuwa ranar da zai danƙa su a hannun mai su. Sai da abin ya faɗo kaina na gane cewa kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta kai haƙƙi ga mai shi, sai an haɗa ta da shaidu, da rubutu, da iya riƙe baki, da haƙurin zirga-zirga. Zan bayyana yadda al'amarin ya gudana daki-daki, domin wanda Allah ya jarraba da irin wannan ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

A watan Nuwamba na 2022, lokacin kaka, na je kasuwar Dawanau da ke Kano, a kan hanyar Katsina, domin sayen hatsin da za mu ajiye a gida kafin farashi ya ɗaga. Wanda ya san Dawanau a irin wannan lokaci ya san yadda take batsewa da manyan motoci da 'yan dako da baƙi daga ƙauyuka da ƙasashe maƙwabta, kowa da kuɗi a jikinsa, saboda manoma da dama hannu da hannu suke ciniki. Bayan sallar la'asar ina tsaye kusa da inda ƙananan motoci ke lodi, ina jiran a fito mini da buhunana, sai wata mota ta tashi, na hango wani ƙunshi a wurin da ta bari. Baƙar leda ce da ƙura ta buɗe, a cikinta an naɗe wani abu da tsohon ƙyallen atamfa mai ruwan ganye, an ɗaure tamau da yankakkiyar robar tayar keke. Da na ɗaga na ji nauyinsa, na ɗan buɗe gefe guda, sai na ga kuɗi. Gabana ya faɗi, kuma zuciya ba ta fasa raya mini cewa babu wanda ya gan ni ba. Sai dai abin da ya fi ƙarfi a raina shi ne tsoro ta fuska biyu: idan na ci gaba da tsayawa da ƙunshin a hannuna mai shi ya dawo a gigice, ba lallai ne ya tsaya jin bayanina ba kafin jama'a su taru a kaina, idan kuma na mayar na ajiye, ban san hannun da zai faɗa ba.

Wurin da na fara nufa shi ne shagon dattijon da na sayi hatsi a hannunsa, wani Alhaji wanda muka daɗe muna hulɗa. Na yi niyyar in fita in ɗaga murya in tambayi wanda ya yar da kuɗi, amma da na faɗa masa sai ya kama hannuna ya ce, “Malam, kada ka soma. Idan ka ambaci kuɗi a tsakiyar kasuwar nan, mutum goma za su rantse nasu ne, kuma a cikinsu babu mai su.” Ya aika aka kira maƙwabcinsa, shi ma dattijo ne, muka shiga can cikin shago bayan tarin buhuna, muka kwance ƙunshin a hankali ba tare da mun yanke robar ba. Muka ƙirga da hannu, muka sake ƙirgawa. Akwai rafa shida ta 'yan dubu ɗaya-ɗaya, amma ɗaya daga cikinsu babu takarda biyu, sai rafa ɗaya ta 'yan ɗari biyar, sai naira 30,000 da aka ninke daban aka ɗaure da ƙaramar roba. Jimla naira 678,000. A tsakanin kuɗin akwai wata 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta, an rubuta sunaye da ajami, kowane suna da lamba a gabansa, babu lambar waya, babu sunan gari. Alhaji ya sa yaronsa ya kawo biro da takarda, muka rubuta rana da lokaci da wurin da na tsinta, da siffar leda da ƙyalle da ɗauri, da yadda kuɗin suka kasu, mu uku muka sa hannu. Wannan takarda ita ce ta riƙe ni a duk sauran wuraren da na je, kuma da na bar kasuwar ba tare da ita ba, da babu abin da zai kare ni ranar da wani zai ce kuɗinsa sun fi haka.

Daga nan Alhaji ya raka ni ofishin shugabannin sashen da abin ya faru. Mun ɗan jira saboda ana sasanta wata rigimar dillalai, sannan sakatare ya saurare mu, ya buɗe babban littafi ya rubuta sunana da lambar wayata da wurin tsintuwar. Da ya tambayi adadi, Alhaji ya nemi alfarmar kada a rubuta a littafin da kowa zai iya leƙawa, ya ce shi da maƙwabcinsa shaidu ne, kuma takarda tana nan. Sakataren ya amince, aka rubuta cewa an tsinci wani abu mai daraja, mai shi ya zo da cikakkiyar alama. Ba su karɓi ko kwabo a hannuna ba, suka kuma yi alkawarin sanar da 'yan kamasho da direbobin da ke lodi a wurin. Na tsaya har bayan magariba ko wani zai ɓullo yana nema, babu wanda ya zo, na kama hanyar gida da ƙunshin a ƙasan buhun masara. A daren barci ya yi mini wuya. Maiɗakina kaɗai na gaya wa, muka sa ƙunshin a ƙasan akwatin tufafi, muka kuma yi shawarar kada yara su ji.

Washegari bayan sallar asuba na tsaya wurin limamin unguwarmu, wanda yake karantar da littattafan fiƙihu a zaurensa. Na ce, “Allah gafarta Malam, wata amana ce ta faɗo hannuna, ina so a nuna mini yadda zan fita daga cikinta lafiya.” Ya saurare ni har na gama, sannan ya karanto hadisin Zaidu ɗan Khalid wanda yake cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Bukhari da Muslim, inda aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da tsintuwa, ya yi umarni da mutum ya san mazubinta da maɗaurinta, sannan ya yi cigiyarta shekara guda. Malam ya ce hikimar sanin mazubi da maɗauri ita ce su ne mizanin da za a auna duk wanda ya zo da'awa, don haka mai cigiya ba ya faɗin adadi, ba ya siffanta ƙunshi, gara ma kada ya faɗi ko mene ne abin. Ya ce ana yin cigiya ne a inda ake sa ran mai abu zai ji, wato wurin da aka tsinta, da kasuwanni, da ƙofofin masallatai, ba a cikin masallaci ba, domin an hana cigiyar abin da ya ɓata a cikinsa. Ya ƙara da cewa tun da na riga na ɗauka da niyyar tsarewa, ba ni da damar mayarwa in yar a inda na gani, idan na yi haka suka salwanta to suna wuyana. Amma idan na adana su yadda nake adana nawa, wani abu ya same su ba da sakacina ba, shari'a ba ta ɗora mini biya ba. Idan shekara ta cika babu wanda ya zo, ina da zaɓin in ci gaba da ajiyewa, ko in yi sadaka da su, ko in yi amfani da su, amma a biyun ƙarshe duk ranar da mai su ya bayyana sai na biya shi, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Abu maras daraja wanda mai shi ba zai waiwaye shi ba, kamar ƙwayar dabino a kan hanya, shi ne ba ya buƙatar cigiya. Kafin in tashi ya dubi kwafin 'yar takardar ajamin da na rubuto, ya ce, “Waɗannan sunaye da lambobi suna nuna kuɗin ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai wanda aka aiko, kuma a yanzu haka wataƙila ana can ana tuhumarsa.” Wannan magana ta canza yadda nake kallon al'amarin gaba ɗaya, domin daga ranar na daina ganin ina da shekara guda a gabana, na koma ganin kowane mako da ya wuce wani bawan Allah yana kwana da zargi a kansa.

Malam ne ya ba ni shawarar in sanar da hukuma, ya ce addini bai hana ba, kuma zamani ya sa hakan ya zama kariya. Na fara da mai unguwarmu, na same shi da yamma a ƙofar gida. Na ce, “Ranka ya daɗe, na zo ne a san da zaman wannan abu a unguwarka.” Ya karanta takardarmu, ya sa mata hannu da hatimi, sannan ya haɗa ni da wakilinsa muka tafi caji ofis ɗin da ke kula da yankin da aka yi tsintuwar, domin an gaya mana can ne ya dace a kai rahoto, ba na unguwarmu ba. A nan na fi shan jira. Mun zauna a benci muna kallon masu shigo da ƙara iri-iri har rana ta take, sannan jami'in da ke kan kanta ya ba ni takarda na rubuta bayanina da hannuna. Abin da ya fara cewa shi ne a kawo kuɗin a ajiye a wurinsu. Ban yi musu ba, na dai roƙi a kai mu wurin babban jami'in ofishin, muka kuma sake jira har ya dawo daga wani aiki. Na ce masa, “Yallaɓai, ba ƙin bin doka nake yi ba. Mutumin da nake zaton shi ne mai kuɗin nan ɗan ƙauye ne, a kasuwa zai neme su, kuma shaidun da suka ƙirga suna kasuwa.” Ya duba takardar da hatimin mai unguwa, ya tambayi aikina da adireshina, sannan ya amince a shigar da rahoton a littafinsu, kuɗin su zauna a hannuna bisa sharaɗin ba zan miƙa wa kowa ba sai da saninsu. Ya kuma tunatar da ni cewa a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, mutum ya mayar da kayan wani nasa cikin rashin gaskiya laifi ne, ko da tsintarsa ya yi. Ba kowane ofishi ne zai yarda da abin da wannan ya yarda da shi ba. Wanda aka ce lallai ya bar kuɗin, to ya tabbata an ƙirga a gaban shaidunsa, an ba shi takarda mai ɗauke da adadi da sunan wanda ya karɓa da sa hannunsa. Ni abin da na fito da shi shi ne lambar da aka shigar da rahotona da kwanan wata, kuma abin da na kashe bai wuce kuɗin mota da na hoton takardu ba.

Sai batun cigiya. Na je wani gidan rediyo mai zaman kansa a cikin birni, aka tura ni sashen talla, na rubuta saƙon da kaina: an tsinci wani abu a kasuwar Dawanau a rana kaza da yamma, mai shi ya tuntuɓi ofishin shugabannin sashe kaza ko ya kira wannan lamba. Ma'aikaciyar ta ba da shawarar a ce kuɗi ne domin saƙon ya fi jan hankali, na ce a bar shi yadda yake. Na biya naira 5,000 aka karanta sau da dama a cikin mako, aka ba ni rasit, daga baya na sake biya aka maimaita. Lambar da na bayar ta wani layi ce da ba na yawan amfani da shi, kuma ban sa sunan unguwarmu ba. Na rubuta irin wannan saƙo da boko da ajami na liƙa a bangon waje na masallatan da ke kusa da wurin lodi, na kuma roƙi ladanin wani masallacin Juma'a ya riƙa sanarwa a ƙofa bayan an idar da salla. Duk lokacin da hanya ta bi da ni ta wajen, nakan tsaya in gaisa da 'yan kamasho in tuna musu. Malam ya ce malamai sun yi maganganu a kan wanda zai ɗauki kuɗin cigiya, akwai halin da ake fitarwa daga cikin tsintuwar, amma ni na ga ya fi mini kwanciyar hankali in biya daga aljihuna in bar ƙunshin yadda yake.

Da labari ya fara yaɗuwa, sai na gamu da jarrabawa iri biyu. Ta farko daga makusanta ce, waɗanda ba mugunta ce ta sa su magana ba, tausayi ne. Wani abokin aikina ya ce, “Kai da kake fama da kuɗin makarantar yara, Allah ya kawo maka rabonka har gaban ƙafa, kake yawo da shi gidan rediyo?” Wani ya ce in juya su a kasuwa kafin mai su ya zo, in ci ribar in mayar da uwar kuɗi, ai babu wanda ya yi asara. Wannan shawara ta biyun ta fi haɗari, domin tana kama da hankali, alhali juya amana ba da izinin mai ita ba cin amana ne tun kafin a yi asara, kuma kasuwa ba ta yi wa kowa alkawari ba. Jarrabawa ta biyu ita ce masu da'awar ƙarya. Wani ya kira ya ce wayarsa ce ta faɗi, wannan da gaskiyarsa yake nema, na ba shi haƙuri. Wani kuwa ya fara da tambayata nawa na gani, da na ce shi ne zai faɗa, sai ya ambaci adadi, da ya ji shiru ya canza wani. Akwai wanda ya zo har ofishin kasuwa da rantsuwa da hawaye, ya ce kuɗi ne a leda baƙa, wanda kowa zai iya canka, amma da aka tambaye shi abin da ke cikin ledar kafin a kai ga kuɗi, sai ya ce ambulan ce. Ban ci mutuncin kowa ba, kuma ban taɓa ce wa mutum ya kusa dacewa ko ya yi nisa ba, domin duk amsar da ka bayar alama ce ka miƙa wa wanda zai biyo baya. Adalci ga mai kuɗi na ainihi shi ne ka iya jure hawayen wanda ba shi ba.

Wata matsala da ban yi tsammani ba ita ce canjin kuɗi. Tun ranar 26 ga Oktoba, 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sababbi suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka kuma sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar da tsofaffi za su daina aiki. Duk abin da ke cikin ƙunshin tsofaffin takardu ne. Idan na bar su a akwati kamar yadda na tsince su, ina iya wayar gari in ga na tsare wa mutum takardun da ba sa sayen komai. Idan na kai banki, na taɓa abin da na yi alkawarin ba zan taɓa ba. A lokacin babu wanda ya san za a ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, balle a san Kotun Ƙoli za ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Na koma wurin Malam, ya ce manufar ajiyar ita ce kare dukiyar mutum, don haka barinta ta mutu a hannuna ina gani shi ne sakacin, amma in yi komai a gaban shaidu, kada kuma in cakuɗa da nawa. Na sanar da mai unguwa da jami'in da ke riƙe da rahotona, Alhaji ya turo babban ɗansa, muka je banki a cikin watan Janairu, lokacin da layin masu zuba tsofaffin kuɗi yake fitowa har titi. Mun shiga tun da safe, ba mu fito ba sai bayan azahar. Na zuba su a wani tsohon asusun ajiyata da babu komai a cikinsa, injin ƙirga ya ba da adadin da muka rubuta tun farko, na karɓi takardar shaidar zubawa na haɗa da sauran takardu. Leda da ƙyalle da roba da 'yar takardar ajami kuwa na mayar da su akwati, domin su ne alamomin. 'Yan kuɗaɗen da banki ke cirewa na saƙon waya da makamantansu na riƙa cikewa daga nawa, saboda adadin ya zauna daidai.

A cikin watan Fabrairu sakataren kasuwa ya kira ni ya ce wani direba ya kawo wani dattijo daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ta jihar Jigawa, kuma maganarsa ta bambanta da ta sauran. Na ce kada a tambaye shi komai sai mun haɗu gaba ɗaya. Muka zauna a shagon Alhaji, da shaidun nan biyu da sakatare. Mutum ne siriri mai furfura, yana ta murza hularsa a hannu. Na ce, “Baba, faɗi abin da ka yar, mu kuma za mu saurara.” Ya ce baƙar leda ce, a ciki akwai ƙyallen tsohon zanen matarsa mai ruwan ganye, ya ɗaure da robar keke ya yi mata zagaye uku. Ya ce kuɗin riɗi ne na mutanen garinsu da suka haɗa kaya suka wakilta shi, naira 680,000 ne, amma ya zare dubu biyu daga rafa ɗaya ya sallami 'yan dako, kuma dubu talatin da ke ninke daban nasa ne na kansa. Sannan ya jero sunayen da ke cikin takardar ɗaya bayan ɗaya, da adadin buhunan kowa. Alhaji ya dube ni, na dube shi, babu wanda ya ga buƙatar a sa shi rantsuwa. Da aka ɗauko ƙyallen ya gani, sai ya rufe fuska da babbar rigarsa, muka ba shi lokaci. Dalilin da ya sa bai dawo nema ba shi ne ya ɗauka a cikin mota aka zare masa a hanya, don haka can ya yi ta bincike. Cigiyar rediyo ba ta kai gare shi ba, direban da ke lodi a wurin ne ya ji labarinsa a tashar garinsu ya haɗa da sanarwar da 'yan kamasho suka yi. A tsakanin nan ya sayar da sansa na noma ya kuma jinginar da gona ya biya wasu, wasu sun yi masa uzuri, wasu kuwa sun daina amsa sallamarsa.

Miƙa kuɗin ma sai da ya zo da nasa aikin, domin lokacin ƙarancin takardun kuɗi ne, bankuna ba sa ba mutum fiye da naira 20,000 a rana a kan kanta, masu POS kuma suna cire kaso mai yawa. Dattijon ba shi da asusun banki. Wani ya kawo shawarar a tura wa wani dillali ya riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, na ce wannan ba ni ne zan yanke ba, mai kuɗi ne zai zaɓi wakilinsa. Ya zaɓi ƙanensa, malamin firamare, aka kira shi ya zo washegari. Muka haɗu a gaban mai unguwa, da shaidu, da jami'in da aka turo daga caji ofis. Aka rubuta takarda cewa shi ne ya nemi a tura ta asusun ƙanensa, na tura kashi-kashi saboda iyakar da banki ya sa, kuma babu wanda ya sa hannu sai da saƙon shigar kuɗin ya iso wayar ƙanen, abin da ya ɗauki lokaci saboda matsalar sadarwa ta wancan lokaci. Dattijon ya dangwala yatsa, kowa ya karɓi kwafi. Na roƙi mai unguwa ya rubuta wa dagacin garinsu wasiƙa da ke bayyana inda aka tsinci kuɗin da ranar da aka tsince su, domin mayar masa da kuɗi bai wadatar ba idan ba a mayar masa da sunansa a wurin mutanensa ba.

A wurin ne ya ce a cire naira 50,000 a ba ni tukuici. Na gode masa, na ce ba zan karɓa ba, kuma dalilina ba wai tukuici haramun ba ne. Idan mai abu ya bayar da daɗin rai daga abin da ya mallaka, ko ya riga ya yi alkawarin lada ga wanda ya tsinta, babu laifi a karɓa. Amma waɗannan kuɗi na mutane ne da ba sa wurin, shi kansa ɗan aike ne, kuma mutumin da gonarsa ke jingine bai kamata farin ciki ya sa shi kyautar da gobe zai rasa yadda zai cike ba. Kuɗin rediyo kaɗai ƙanensa ya dage sai ya biya daga aljihunsa, na nuna masa rasit ya biya daidai abin da ke rubuce. Na tuna da wannan batu a watan Satumba na 2023, lokacin da wani matashi mai tuƙa Adaidaita Sahu a Kano ya mayar da kuɗin da suka kai kimanin naira miliyan 15 ga wani ɗan kasuwa daga Chadi bayan ya ji cigiya a rediyo, jama'a suka yi ta yi masa kyaututtuka. Ya cancanci karramawar, kuma yana da kyau al'umma ta nuna wa yara cewa gaskiya tana da daraja. Abin da nake tsoro kawai shi ne mu koya musu cewa ana mayar da tsintuwa ne domin abin da zai biyo baya, saboda yawancin masu mayarwa babu wanda zai ji labarinsu, wasu ma da kuɗin motarsu za su yi hidimar, kuma haƙƙin yana kansu ko an gode ko ba a gode ba.

Ga wanda irin wannan ta same shi, abin da na ga ya fi amfani shi ne ya samu shaidu tun kafin ya bar wurin, domin bayan an kwana ɗaya maganarsa ta zama tasa shi kaɗai. Ya kuma fi ba da ƙarfi wajen cigiya a bakin mutanen da ke zaune a wurin da abin ya faɗi, irin su direbobi da 'yan kamasho da masu shayi da ladanai, ko da zai haɗa da rediyo, domin ta hannunsu ne labari ke bin hanyar da mai abu ya bi. Kada kuma ya ɗauka aiki ya ƙare da miƙa kuɗi. Bayan mun rabu da dattijon sai da na koma caji ofis da kwafin takardar miƙawa aka rufe rahoton, na je ofishin kasuwa aka rubuta a gaban sunana cewa mai abu ya karɓa, na bi masallatan na cire sanarwar da na liƙa, na kuma gaya wa ladani ya daina cigiya, saboda kada wani ya zo daga baya da sabuwar da'awa a kan abin da ya riga ya koma hannun mai shi. Takardar farko da muka sa wa hannu a shagon Alhaji, da ta banki, da rasit ɗin rediyo, da takardar miƙawa, mai unguwa ya ce in adana su wuri ɗaya kada in yar ko da shekaru sun wuce.